Hannun Hagun Ustaz Mamduh

Ranar da Ruwaida ta fara ganin Hazim, kunya ce ta fara kama ta a madadinsa. So daga baya ya biyo.

La'asar ce, a zauren wata tsohuwar sinima kusa da tashar Ramli a Iskandariyya ta ƙasar Masar, ana taron tunawa da kakanta, marigayi Ustaz Lutfi, wanda ya koyi jaz a wajen matuƙan jiragen ruwa tun yana saurayi. Mahaifinta, Ustaz Mamduh, shi ke riƙe da ƙungiyar Magadan Lutfi, kuma dokarsa ɗaya ce: yadda marigayi ya buga tsofaffin kiɗan Amurka a faifai, haka za a buga su, ba ƙari ba ragi. Masu sauraro ma sun san tasu dokar. Shiru ake yi har mai kiɗa ya kai ƙarshen nasa, sannan a tafa.

Baba yana tsakiyar nasa a kan fiyano sai wata murya ta taso daga baya, irin yadda ake yi wa mawaƙan gargajiya idan daɗi ya kai wa mutum wuya.

"Allah! Maimaita, ya Ustaz, maimaita!"

A daidai nan hannun hagun Baba ya kuskure. Zauren duka ya waiwaya yana hararar mai ihun, kowa ya ɗora masa laifi. Ruwaida kaɗai ta san gaskiya. Tun lokacin sanyi hannun nan yake rawa, ita ce ke ɓalla masa maɓallin riga da safe, kuma ya rantsar da ita kada kowa ya ji, har Mama.

Da aka tashi ta same shi a bakin ƙofa, dogo, rungume da jakar ud, molon nan na Larabawa, kamar mai riƙe da jariri.

"Kai ne mai ihu?"

"Ni ne. Yanzu aka gama yi mini wa'azi, amma idan da saura ki ƙarasa."

"Nan ba gidan biki ba ne."

"Na sani yanzu. Amma ke ki faɗa mini, mutum ya taɓa maka zuciya haka, sai ka zauna kamar mai jiran likita?"

Ta so ta ɗaure fuska, fuskar ta ƙi. Shi kuwa ya tsaya yana kallonta har taram, jirgin kan titi da zai hau, ya wuce.

Hazim ɗan unguwar Bahari ne, mahaifinsa kafintan jiragen kamun kifi ne kafin ya rasu. Da safe yana koyar da kiɗa a firamare, da yamma yana ɗaukar waɗannan tsofaffin kiɗan na jaz ya sa musu rawani, ya bi da su ta lungunan da fiyano ba ta iya shiga. Ranar da ya fara buga mata ɗaya a bakin teku, ga mai gasa masara yana kallonsu, sai da ta juya baya don kada ya ga idonta. Kiɗan da ta girma a cikinsa ne, amma kamar ta haɗu da shi sanye da kayan gida.

Ya sa mata suna Kunnena, wai babu abin da zai ƙara bugawa sai ta saurara. Ita kuma ba ta daina ce masa Mai Ihu ba.

Sai dai duk daɗin nan a kan tsoro yake zaune. In wayarta ta yi ƙara a gaban Baba sai gabanta ya faɗi. In ta dawo gida sai ta dinga jin kamar warin teku da ke mayafinta zai tona ta. Baba bai manta da taron nan ba. A wajen cin abinci yakan ajiye burodi ya ce, "Wannan ɗan iskan da ya kunyata ni a gaban hoton mahaifina, Allah ya haɗa mu."

Shadi ne ya haɗa su. Shi ke busa saksofon a ƙungiyar, ya haddace kowane numfashin marigayi, har tarin da ya yi a faifai ana tsokanarsa wai ya haddace. Ya daɗe yana kawo wa Mama alewar basbusa yana kallon ƙofar ɗakin Ruwaida. Da ya gan su a bakin teku bai kwana da maganar ba, sai da ya kai wa Baba. Bai tsaya nan ba, ya aika aka gaya wa Hazim wai an kusa karanta musu Fatihar baiko, shi Shadin da Ruwaida.

Hazim ya daina ɗaukar wayarta. Ruwaida ta kira har ta gaji, ta daina cin abinci, ta fara zargin ko ya gano gidansu ya fi ƙarfinsa ne ya janye. Sai ga saƙo:

"Kunnena, na ji labari. Ba zan tsaya miki a hanya ba. Shi ɗan gida ne, ni ɗan kafinta ne mai ihu a inda ake shiru. Allah ya sanya alheri."

Nan take ta rubuta:

"Wace Fatiha? Wallahi ko basbusarsa ba na ci. Idan ka bar ni saboda maganar Shadi ba zan yafe maka ba. Ka zo ka ga Baba. Ina jin tsoro, amma ka zo."

"Zan zo, ko da zai jefo ni ta taga. Hawa na nawa kuke?"

"Na huɗu."

"To ki ce ya bari mu sauko ƙasa tukuna."

Ta yi dariya tana share hawaye.

Baba ya yarda ya gan shi, amma yadda ya yarda ɗin ya fi ƙi ban tsoro. "Ya zo ranar Juma'a bayan an sauko masallaci. Ya zo da wannan tulun nasa mai igiya. Tunda ya iya gyara wa mutane kiɗa, zan ji nasa."

Ranar ta zo. Hazim ya shigo da mahaifiyarsa da kwalin alewa, kwat ɗinsa ta ɗan matse shi a kafaɗa. Shadi ma yana nan, Baba ne ya gayyace shi, ya harɗe a kujera yana murmushi. Ruwaida ta tsaya a bayan labulen da ya raba falo da hanyar kicin. Mama tana ciki ta jera kofuna kala biyu, ƙananan na gahawa da dogayen na jan sharbat. In Baba ya ce a kawo gahawa, an sallami baƙi ke nan cikin mutunci. In ya ce sharbat, sai guɗa.

"Kai ne mai murya," in ji Baba.

"Ni ne, Baffa. Na zo neman afuwa, na kuma zo neman abin da ya fi afuwa."

"Ɗaya bayan ɗaya. Fito da abin naka."

Baba ya zauna a gaban fiyano. Bai faɗi sunan kiɗan ba, bai faɗi daga ina za a ɗauka ba, ya buga ƙafa kawai ya afka, da gudun da ko a faifai marigayi bai kai ba. Haka ake yi wa baƙo a jaz in ana so a ga iyakarsa. Za su yi ta karɓa-karɓa, Baba ya yi nasa ya jefa masa, shi ma ya yi ya mayar.

Hazim ya saurara kaɗan, ya cafke. Zagayen farko ya mayar da amsa tsaf, har murmushin Shadi ya ragu. Na biyu ya lanƙwasa ta yadda mahaifiyarsa ta rufe ido. Ruwaida ta fara samun numfashi.

Sai ta ga hannun.

Babu mai ganga, babu mai riƙe ƙasan kiɗa, duk nauyin yana kan hagun Baba, ga gudun da ya ɗora wa kansa. Yatsun suka fara karkarwa, suna isa a makare. Ta san abin da zai biyo baya. Hannun zai tsaya cak, a gaban Shadi, wanda kafin magariba zai kai labari ga duk 'yan ƙungiya cewa Ustaz ya ƙare. Kuma Baba ba zai taɓa ba da 'yarsa ga mutumin da ya ga faɗuwarsa har sau biyu ba. Ta damƙe labule har farcenta ya shiga tafin hannunta.

Zagaye ya dawo kan Hazim. Nan ne ya kamata ya nuna duk abin da ya iya. Ya ɗaga kai, idonsa ya sauka kan fiyano, ya ɗan tsaya a can.

Sai ya sauka kan igiyoyinsa masu kauri. Bai yi wata gwaninta ba. Ya shiga taka ƙasan kiɗan, dum, dum, dum, daidai abin da hagun Baba ya kamata ya yi, ya kuma matso da kujerarsa ta yadda kafaɗarsa ta tare wa Shadi gani. Baba ya jefa masa, ya ƙi karɓa, ya ci gaba da takawa. Hagun Baba ya sauka a hankali ya kwanta a cinya. Damansa kuwa, da ya ji ƙasa ta tsaya daram, ya tashi sama kamar tantabarun Bahari, ya yi abin da Ruwaida ba ta taɓa ji a wani faifai ba.

Suka sauka tare.

Shadi ne ya fara magana, yana dariya. "Ustaz, ai yaron ya tsorata. An ba shi fili ya gudu ya ɓuya a ƙasa."

"Haka ne," in ji Hazim, kansa a sunkuye. "Gudun ya fi ƙarfina."

Baba ya daɗe yana kallonsa. Ruwaida ta san halin mahaifinta, yana iya ɗaukar abin a matsayin tausayi, kuma babu abin da ya tsana kamar a tausaya masa.

"Shadi," in ji Baba, "ka gaida gida. Maganar da ta rage ta iyali ce."

Da ƙofa ta rufu, Baba ya ɗago hannun hagun ya ɗora a kan fiyano, a fili, yana rawa, kowa yana gani.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun ranar taron, Baffa. Daga inda nake ina hango shi."

"Ka bari ana zaginka wata da watanni."

"Ai na yi ihun. Ba ƙarya aka yi mini ba."

Baba ya yi wata 'yar dariya. Ya juya wajen labule. "Ke, fito, ƙafafunki tun ɗazu nake ganinsu. Kina son wannan mai hayaniyar?"

Ta gyaɗa kai, hawaye na zuba.

"Uwar Ruwaida," ya ɗaga murya, "kawo sharbat."

Guɗar Mama ta fito tun kafin tiren ya fito. Mahaifiyar Hazim ta karɓa, maƙwabta suka buɗe tagogi. Aka ɗaga hannuwa aka karanta Fatiha, Mama tana kuka biyu, na murna da na hannun mijinta da yau ta fara gani. "Gobe sai asibiti," ta ce masa, "kuma ba shawara nake ba ka ba."

Bayan ƙaramar Salla aka ɗaura aure a masallacin unguwar su Hazim, iskar teku tana kaɗa mayafin amarya. Da aka fito Baba ya kama hannun 'yarsa da nasa mai rawa, bai ɓoye shi a aljihu ba, ya sa a cikin na angon.

"Ga ta nan, ɗana. Ka riƙe ta yadda ka iya riƙewa. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a masu jin magana."

"Amin, Baba," in ji Hazim.

Ruwaida ta ji yatsunsa sun rufe nata, da ɗumi, ba sa rawa. Ta sunkuyar da kai ta ce amin a hankali, sau uku.