Zanen Goyon Hajiya

"Wallahi marubuciya kin ba mu kunya. Cikin wata shida fa, yaro ya zama mutum, Safiyya ta sa hannu a cire shi, kuma ki ce mu tausaya mata?"

Na danna na gaba.

"Makashiya ce kawai. Allah ya isar wa jaririn nan."

Saƙon murya na arba'in ke nan tun da na saki shafi na talatin na littafina a zaurenmu na WhatsApp. Mata ɗari takwas ne a ciki, daga Kano har Kumasi, kowacce ta zama alƙali. Wata ta jawo aya, wata ta ce ai rai ya fi rai, suka kaure da faɗa. Ina tsaye a kicin ɗinmu na unguwar Ain Khaled, nan ƙasar Larabawa da muke zaune, albasa na ƙonewa, ni ko a jikina.

Ba su san Safiyya ni ce ba.

Bara, cikina na wata shida, jijjiga ta kama ni. Jinina ya hau, ƙodata ta fara tsayawa. Likitoci suka ce in ba a raba ni da cikin ba za a rasa mu duka, ita kuwa 'yar ta yi ƙanƙantar da ba za ta rayu ba. Kwana huɗu ban san inda kaina yake ba. Da na farfaɗo, mijina Aminullahi ya riƙe hannuna ya ce, "Muhsina, Allah ya karɓi abinsa."

Daga ranar bai ƙara ɗaga maganar ba. Ya koma aikinsa na kamfanin gas, a gida kuma ya shaida wa kowa ɓari na yi. Ni da na rasa wanda zan yi kuka da shi, sai na kai kukana takarda.

Na canza suna, na canza gari, na canza komai. Abu ɗaya na manta.

Zanen goyo.

Saƙi ne baƙi mai ratsin kore, gefensa guda fitila ta taɓa lasa. Da shi surukata Hajiya ta goyi 'ya'yanta bakwai, ta aiko min da shi daga Zariya tun cikina na wata huɗu. A littafin na sa Safiyya ta rungume shi tana kuka, har ƙunar ban bari ba. Ashe Sauda, ƙanwar mijina, tana cikin zauren da wata lamba, ba ta taɓa cewa uffan ba. Dama tun farko ƙawarta ta so ya aura.

Ƙofa ta buɗe. Aminullahi ne, tun kafin la'asar, waya a kunne, fuskar nan ba annuri. Ya ajiye wayar kan tebur ya buɗe murya.

"Tana jina?" in ji Hajiya.

"Tana ji, Hajiya."

Na durƙusa kamar tana gabana. "Hajiya, ina wuni..."

"Riƙe gaisuwarki. Sauda ta karanta min komai. Zanena ne ko ba zanena ba?"

"Shi ne."

"To, kai ka ce min ɓari ne. Ashe da hannunta ta sa aka ciro min jika, har tana tallar abin a duniya. Shekara biyar ina jira, Aminu. Ka aiko min da zanena. Ita kuma ka san abin da ya dace, ba sai na faɗa ba."

Na ɗaga kai na dube shi. Kalma ɗaya nake jira.

Ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Hajiya."

Wallahi zagin matan nan ɗari takwas bai yi min zafin wannan "to" ɗin ba.

Na shige ɗaki na jawo akwati. Ina cusa kaya ban san me nake cusawa ba. Ya zo ya tsaya bakin ƙofa.

"Hasken idona..."

"Kar ka ƙara kirana da wannan sunan."

"Ina za ki?"

"Unguwar Mansura, wajen Zuleiha. In ka rubuta takardar ka aika can."

Zuleiha 'yar zangon Kumasi ce, nas ce a nan garin, ita kaɗai ce a zauren ta biyo ni ta gefe da safe. Cewa ta yi, "'Yar'uwa, wanda ya rubuta wannan ya sha ruwan nan da bakinsa. Ƙofata a buɗe take."

"Zanen kuma," na ce, "ka faɗa mata ban san inda yake ba. Tun da na dawo daga asibiti na neme shi na rasa. Ko shi ma za a ce cinye shi na yi?"

Ya zauna bakin gado ya ciro wayarsa.

"Na karanta shafin a ofis. Sau uku."

"Sannu da ƙoƙari."

"Me ya sa kika ce Safiyya ce ta sa hannu?"

Na ajiye rigar da ke hannuna.

"Ke ko biro ba ki iya riƙewa a ranar. Ni aka miƙa wa takardar. Ni na tambayi malami ta waya ina kuka, ni na sa hannu. Me ya sa kika ɗora mata?"

"Saboda jikina ne ya kasa riƙe ta," na ce. "Kuma... ko a littafi ba na son a zage ka."

Ya rufe fuska da tafukansa. Shekara biyar muna tare, ban taɓa jin sautin kukansa ba sai ranar.

"Ni kuwa na bari ana zaginki a gabana," ya ce. "Tsoro nake ji, Muhsina. Tsoron Hajiya, tsoron idonki. Gani nake duk ranar da muka yi maganar za ki tsane ni."

"Shirun naka ne ya kusa sa ni tsanarka."

Ya share fuska, ya danna kira, ya sake buɗe murya.

"Hajiya, ki gafarce ni, ƙarya na yi miki bara. Muhsina ba ta cikin hayyacinta. An ce in zaɓa, ko in binne ɗaya ko in binne biyu. Ni na sa hannu. In akwai wanda za ki yi fushi da shi, ga ni."

Ina jin Sauda daga gefe tana cewa, "Kare ta kawai yake yi, Hajiya..."

"Aminu," in ji Hajiya a hankali, "da hannunka?"

"Da hannuna. Kuma ba zan sake ta ba."

Ta kashe wayar. Ya sake kira, ba ta ɗauka ba. Har yau da nake ba ku labarin nan, wata uku, ba ta ɗauka ba.

Ya miƙe ya ɗauko mayafina ya miƙo min.

"Taso. Akwai inda ya kamata in kai ki tun bara."

Muka kama hanya, rana na dukan gilashin mota. A bakin maƙabarta ya tsaya. Ya buɗe bayan mota, ya ɗaga shimfiɗar da ke rufe taya, ya ciro wata leda.

Baƙin saƙi mai ratsin kore.

"Da shi na ɗauko ta daga asibiti," ya ce. "An yi mata wanka, an sa ta a likkafani, amma na kasa ɗaukarta haka. Na ce ko sau ɗaya ne, ta shiga zanen kakarta."

Na karɓa na kai hancina. Ba ƙanshin komai sai zafin mota. Na kifa kaina a kafaɗarsa, ya riƙe ni.

Daga bakin katanga ya nuna min wani ɗan tudu can layi na uku, tsawonsa bai kai hannuna ba.

"Duk Juma'a ina zuwa."

"Kai kaɗai?"

"Ni kaɗai. Ki yafe min."

"A littafi ban ba ta suna ba," na ce. "Na kasa."

"Tana da suna. Liman ya ce tunda an busa mata rai, a raɗa mata."

Na dube shi.

"Mansuratu," ya ce. "Sunan mahaifiyarki."

Wayata ta yi ƙara a jaka, wani saƙon ne daga zaure. Ban duba ba. Na ƙanƙame zanen a ƙirjina, na fuskanci ɗan tudun nan, karo na farko na kira 'yata da sunanta.