Tabon da Wilkin Ya Goge

Yudelka ta fara ganin Wilkin ne a ɗan shagon hoto da ke daura da ofishin jakadanci, inda mutanen birnin Santo Domingo ke bin layi rana na gasa su. Shekara goma sha ɗaya rabonta da mahaifiyarta. Uwar, Doña Milagros, ta ƙetare teku neman aiki, takardunta suka ƙare a can, in ta fito ba za a bar ta ta koma ba. Sai dai 'yar ta je, shi ya sa ta zo ɗaukar hoton neman biza.

"Fito da kunnuwanki, kada ki yi murmushi," in ji Wilkin.

"Wa ya ce maka ina da niyya?"

Ya yi dariya. Satinsa biyu kacal a shagon. Hoton biki ya saba ɗauka, inda amarya ke zagin mai hoto in ya bar mata ko ƙurji ɗaya. Don haka ya goge tabon da ke saman girarta a kwamfuta, yana ganin gwaninta ya yi.

A ofishin jakadancin, matar da ke bayan gilashi ta dubi hoton, ta dubi Yudelka, ta turo mata takardunta. Ta ce hoton da aka gyara ba ya karɓuwa, ta je ta dawo bayan wata tara. Wata tara! Minti biyar ya isa a sake hoto, amma waɗannan mutane lokacinmu ba a bakin komai yake a wurinsu ba.

Yudelka ta faɗo shagon ta wurga wa Wilkin hoton a ƙirji.

"Kai wa ya aike ka? Fuskata ce ko taka? Sakarai kawai, ka raba ni da uwata!"

Wilkin ya sunkuya ya ɗauke hoton. Da yamma ya ɗauki lambarta a takardar shago ya rubuta: "Ni ne sakaran. Ba ni da bakin ba ki haƙuri. Duk takardar da ta rage, ni zan bi miki layinta."

Ta amsa: "Ka bi layin har ka bushe."

Ya bi kuwa. Ofis ofis, wata da watanni, har zagin ya fara laushi, "sakarai" ya koma "Sakaraina", shi kuma yana kiranta Yude.

Mahaifinta, Don Fermín, ya hau sama da ya ji suna soyayya.

"Da gangan ya lalata hoton don ya riƙe ki! Ga Rolfi mai fasfon waje yana son ki. Ki aure shi, cikin shekara kina gaban uwarki."

Maganar ta shige ta. Kwana goma ba ta amsa saƙon Wilkin ba, sannan ta tare shi. "Faɗa min gaskiya, da gangan ka yi?"

"Yude, da zan iya goya ki in haye tekun nan, da yau kin kwana a ɗakinta."

Ranar komawa ofishin jakadanci ta zo, hoto lafiya lau. Jami'in bai ko buɗe takardun ba. "Ba ki da miji, ba ki da gida. Me zai dawo da ke?" Ya hana ta biza. Ta fito tana kuka don takaici, Rolfi na jiranta a mota, ƙofa a buɗe. Ta wuce shi ta tsallaka titi zuwa shagon da Wilkin yake.

"Sakaraina, ba zan sayar da kaina don hatimi ba. In kana so na, je ka fuskanci Baba."

Sai da Wilkin ya je sau huɗu kafin tsohon ya ba shi kujera. Doña Milagros kuwa da aka gaya mata a waya, Allah ya sa alheri kawai ta ce. Yudelka ta ɗauka fushi ne, abin ya tsaya mata a rai.

Ranar aure, amarya ta iso ƙofar coci ta ga wata mata mai furfura tsaye da akwati biyu. Ta tsaya cak.

"Mama! Kin san ba za su bar ki ki koma ba!"

"Su riƙe ƙasarsu. Na gaji da jiran izinin wani kafin in taɓa 'yata."

Uwar ta rungume ta, aka daɗe ba wanda ya iya raba su. Sannan ta kama hannun Wilkin ta haɗa da na Yudelka.

"Allah ya yi muku albarka. Ku haifa min jikoki a nan, inda zan goya su da kaina."