Yatsu Biyu Daga Gindin Galan

Da hantsi aka buɗe injin babur na shida da ya lalace. Abin da ya zubo a faranti bai yi kama da mai ba, wani kauri ne baƙi ƙirin mai warin ƙuna, ɓarɓashin ƙarfe yana ƙyalli a ciki. Fistin ya ƙone, ringi ya karye gida uku. Mai babur ɗin, wanda ake kira Ba-Birki, yana asibiti da karaya a cinya, domin a tsakiyar titi injin ya buga. Duk shidan kuwa a rumfa ɗaya aka yi musu juyen mai, rumfar Tsoho bakanike.

Ba a yi wani bincike ba. 'Yan hayar babur suka yi wa rumfar ƙawanya, Ciyaman na ƙungiyarsu ya kira Saje, aka tasa ƙeyar mutumin da ya shekara talatin yana gyara musu babura.

Lokacin da 'yarsa ta isa ofishin 'yan sanda, Tsoho yana zaune a ƙasa bayan kanta, numfashinsa na fita kamar yagaggen zugazugi. Ciwon asma gare shi, ɗakin kuma ba taga. 'Yar tasa ce 'yan haya ke kira Injiniya tun da ta shiga makarantar fasaha, rabi yabo rabi ba'a. Ta roƙi Saje har muryarta ta shaƙe. Ya ce ƙarfe huɗu zai rufe takarda, gobe kotu, daga nan gidan yari har a gama shari'a. Ta dubi mahaifinta, ta san ƙirjin nan ba zai kai mako a can ba.

"Baba, wa ya kawo man da ka zuba?"

"Kowa da nasa yake zuwa, 'yar nan. Ni ban taɓa sayar da mai ba. Da murfinsa a ɗaure nake karɓa."

Ta koma rumfa da gudu. 'Yan haya na zaune a kan baburansu, wani na cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa, wani na cewa tsufa ne ya kama Tsoho. Abin da ke cin ranta ke nan. Mutum ashirin, abincinsu duk a cikin inji yake, amma babu wanda ya taɓa buɗe galan ya sansana kafin a ɗura masa. In an ce da araha, shi ke nan, hankali ya tafi hutu.

Ta tsamo filtar Ba-Birki daga faranti ta tsaga ta da wuƙa. A ciki babu takardar tacewa mai ninki, sai guntun soso irin na katifa, an fesa wa bayansa fenti. Ta karɓi sabon galan daga hannun wani ɗan haya, ta ɗiga mai a farar takarda. Man kirki kan bazu garau kamar zuma. Wannan ya bar baƙin ɗigo a tsakiya. Tsohon mai ne aka tace aka gauraya.

Mai Shago ta fara zargi, shi da ke sayar da kayan babur a bakin titi. Bai ji haushi ba, ya buɗe mata kwali ya ce ta zaɓa. Ta gwada galan uku, duk garau, filtocinsa kuma da nauyinsu. Ya ce wata uku ke nan 'yan haya suka daina zuwa, tun da ƙungiya ta fara sayar wa mambobinta mai da filta cikin rahusa.

"Ko mutum ɗaya ba ya zuwa?"

"Mutum ɗaya. Ciyaman. Duk wata yakan ɗauki galan guda da filta guda, ya ce in sa masa a baƙar leda."

Ta wuce wurin Mai Durom, wanda ke bin rumfuna yana tara tsohon mai. Shi kam ya tsorata, ya hau rantsuwa tun ba a tambaye shi ba. Ya ce masu katako yake sayar wa, su shafa don maganin gara. Da ta matsa, ya ce akwai Ciyaman ma, jarka biyu duk mako, wata uku ke nan, wai rufin gida yake yi.

"Wata uku ana rufi? Gida ne ko kasuwa?"

Mai Durom ya sosa ƙeya ya ce shi ma ya yi wannan tunanin, amma ciniki ba ya tambayar dangi.

Ƙarfe uku ta wuce. Magana ce kawai a hannunta, Saje kuma ba zai buɗe ƙofa saboda magana ba. Ta zauna a bencin mahaifinta tana juya sabon galan ɗin nan, tana neman inda aka yi kuskure. Takardar jiki daidai, zoben murfi daidai. Sai babban yatsanta ya ji wani karce a ƙasa. Ta ɗaga shi ga rana. Zane ne gajere, a kwance, yatsu biyu daga gindi.

Ta san zanen. Waɗannan baburan ba sa shanye galan guda, in an cika musu sai su yi ta hayaƙi. Idon Tsoho ya daina ganin lambobin awo, don haka kafin ya zuba yakan aza yatsu biyu a gindin galan ya karce da ƙusa, mai na kaiwa nan ya tsaya. Wannan galan da ake kira sabo ya taɓa bi ta hannunsa.

Da ta nuna wa Saje, sai ya ce ai ta ƙara ɗaure ubanta, tunda zanensa ne. Ta dafa tebur ta ce ya ba ta minti goma kawai, ya biyo ta ofishin ƙungiya, in ba ta da gaskiya ya haɗa su biyu ya rufe.

Ciyaman ya tarbe su da fara'a, ya kira ta 'yarsa, ya ce shi ma abin ya dame shi. Saje ya nemi makullin sito. Daga aljihunsa ya fito, domin babu mai riƙe shi sai shi. A kwalin farko, cikin galan goma sha biyu masu ɗaurarren murfi, biyar na da zanen.

Injiniya ta yi bayani a gaban 'yan haya da suka cika ƙofa. Ciyaman ne ya kafa dokar tara galan da aka juye a buhu, a kai masa ofis, wai don tsafta. Shi ne mai sayen tsohon mai. Ya wanke galan, ya ɗura tsohon man, ya sake murfi, amma bai taɓa tsugunawa kusa da bakanike ya ga yadda ake aiki ba, shi ya sa bai san da zanen ba.

Ciyaman ya ce daga dillali ya saro, shi ma cutarsa aka yi.

Injiniya ta ce, "To, Ciyaman, me ya sa kai ba ka zuba wa babur ɗinka? Me kake nema wajen Mai Shago a baƙar leda?"

Ciyaman ya dubi mutanen da ke ƙofa. Saje ya ciro ankwa.

Saura kwata huɗu ta cika aka fito da Tsoho. Sai da ya daɗe a inuwa yana shaƙar maganinsa kafin ya iya miƙewa. 'Yan haya suka zo suna sunkuyar da kai, babbansu ya ce a yi haƙuri, sharrin shaiɗan ne. Injiniya ta ce shaiɗan bai hana kowa sansana mai ba. Ɗaya ya kai ƙafa zai tayar da babur ya kai Tsoho gida, Tsoho ya ɗaga hannu.

"Kada wanda ya tayar. Abin nan yana cikin injin kowannenku. Ku turo su rumfa."

Haka suka bi titi cikin rana, Tsoho a gaba yana dafe da kafaɗar 'yarsa, maza ashirin a baya suna turin baburansu.