Hular Ismaël a Mitin ɗin Kirkissoye

Ana cikin tara kujeru aka ga gawar. La'asar ta yi sanyi, motocin ɗan takara sun riga sun haye gada, makaɗa suna ɗaure gangunansu, sai wata mai sayar da ruwan leda ta zagaya bayan rumfa, ta saki tirenta ta dawo da gudu.

Kafin Sufeto Isaka ya iso daga komisariyar 'yan sanda, rabin Kirkissoye ta kewaye wurin. Mutum ne da ya daɗe a aikin, furfura ta fara cin gemunsa. Ya san halin ranar mitin: kowa da idonsa, amma da zarar an ga jini sai kowa ya ce shi dandamali yake kallo.

Mamacin Oumarou ne, mai shirya wa Alhaji Abdulrazak taro a neman kujerar depite, wato ɗan majalisa, da yake yi. Yana kwance rigingine cikin shadda mai kalar jam'iyya. Rauni ɗaya ne, a wuya, ƙasan kunnen hagu. Wayarsa da walat ɗinsa suna aljihu.

"Ba ɓarawo ba ne, shef," in ji Birgadiye Sanusi. Ya miƙo abin da ya tsinta a gefen gawar. "Amma dubi wannan. Ko albasa ba ta yankawa."

'Yar wuƙa ce da ba ta kai tsawon tafin hannu ba, dakusasshiya, an naɗe ƙotarta da farin zaren da ya yi dauɗar riƙo. Isaka ya jujjuya ta. Ya san ya taɓa ganin irinta, ya rasa ko a ina.

Da safe suka tafi unguwar Bobiel, gidan ɗan takarar. Alhaji Abdulrazak ya karɓe su a falo, idonsa jajur, carbi a hannu.

"Oumarou kamar ɗana yake, Sufeto. 'Yan adawa ne. Sun ji na taɓo tsadar shinkafa, na taɓo madatsar ruwan da aka bari kogi na cinye gidajen talakawa, na taɓo tsaro..."

"Alhaji, ba ƙuri'ata na kawo ba. Wa ya ga Oumarou a ƙarshe?"

"Ni dai na bar shi yana sallamar baƙi."

"Waɗanne baƙi?"

Alhaji ya sa aka kawo waya aka nuna musu bidiyon mitin. Ga shi a dandamali yana ɗaga wata hular soja sama, yana cewa in ya shiga majalisa ba matar sojan da za ta sake kwana da yunwa. Jama'a na tafi. A gefensa wata matashiya tsaye, kanta ƙasa, an yafa mata atamfar jam'iyya a kan wani tsohon zane mara ado.

"Wace ce?"

"Hafsa. Mijinta Ismaël soja ne, ya rasu a bakin iyaka, Allah ya jiƙansa. Da kanta ta zo, da kanta ta ba mu hular."

Isaka ya ce a maimaita. Alhaji ya miƙa mata mikro, ta karɓa da hagu. Wata ta ba ta ruwa, ta karɓa da hagu. Hannun dama bai taɓa fitowa daga ƙarƙashin mayafi ba.

"Hular tana ina yanzu?"

"Oumarou na ba ajiya. In kun same ta, don Allah a dawo mana da ita. Gobe muna da wani mitin."

Isaka ya miƙe ya fice. A mota ya tambayi Sanusi ko an ga hula a wurin gawar. Ba a gani ba.

Gidan su Ismaël na can ƙarshen Kirkissoye, inda ruwan bara ya bar zanensa a jikin katanga. Mahaifinsa, Malam Garba, tsohon direban babbar mota ne daga Tahoua. Yana zaune a ƙofar gida da babbar riga da takalmi, kamar mai jiran tafiya.

"Baba, ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya. Na san za ku zo. Ni na kashe shi, mu tafi."

"Da me?"

"Da wuƙata."

"A ina ka soke shi?"

Tsohon ya kawar da ido. "A ƙirji."

"Mu shiga ciki, Baba. Rana ta yi zafi."

A tsakar gida matarsa Kande na tsintar wake, ba ta ɗago ba. Ta ƙofar ɗakin da ke buɗe Isaka ya hango hular soja rataye a ƙusa, an goge ta tas.

"Inna, surukarki ta je mitin jiya?"

"Mai takaba? Ina za ta? Ko ƙofar gida ba ta leƙawa."

"Na gan ta a bidiyo."

Kande ta ci gaba da tsintar wakenta.

Sai labulen ɗaya ɗakin ya motsa. Hafsa ta fito za ta ɗebi ruwa a randa, da tsohon zanen nan, ba kwalli, ba kitso. A hannunta na dama akwai zungureriyar wuƙar kicin, ta riƙe ta a karkace kamar wadda ba ta saba da nauyinta ba.

Nan take Isaka ya tuna. Shekarar da mahaifinsa ya rasu, uwarsa ko bayan gida za ta, sai ta riƙe 'yar wuƙa a hannu. Tsofaffi na cewa mai takaba ba ta taka ƙasa ba ƙarfe a jikinta, saboda iskoki. Ba ta yanka ba ce, ta riƙo ce kawai, har ranar wankan fita.

Ya ciro 'yar wuƙar daga leda ya ajiye a kan tabarma.

"Inna, ta dawo jiya ba ƙarfe a hannunta, hankalinki ya kasa kwanciya, kika ba ta ta yankan nama. Haka ne?"

Kande ta kife fuskarta cikin mayafi.

"Na ce maka ni ne," in ji Malam Garba. "Ni na yarda aka fita da ita. Oumarou ya zo nan sau uku. Ya ce minti kaɗan ne, ya ce Alhaji zai sa a fito da kuɗin haƙƙin yaron. Ni na ciro hular daga ƙusa da hannuna. Ni ka ɗauka, ɗana. Na gama rayuwata."

"Baba, bari." Hafsa ce. Ta durƙusa gefen tabarma, ta ajiye wuƙar kicin. "Ranka ya daɗe, Baba ko bayan rumfar bai je ba."

"Ina jin ki, ƙanwata."

"Da aka watse na bi Oumarou na ce ya ba ni hular. Ita kaɗai aka kawo mana. Ba mu ga gawa ba, ba mu san kabari ba. Har yanzu da ƙanshin kan Ismaël a ciki. Oumarou ya ce hular ta zama ta kamfe, za ta zagaya Niamey, ni ma zan bi ta. Ya ce na iya tsayuwa, amma a mitin gaba in ƙara kuka, jama'a na so. Yana dariya ya faɗa."

"Sai me?"

"Na kama hular, ya kama hannuna ya murɗe. Tun ranar da Ismaël ya tafi ba namijin da ya taɓa ni. Na ɗaga ɗaya hannun in ture shi. Wallahi na manta da abin da ke ciki. Wata uku tana hannuna, ta zama kamar yatsana."

Can nesa, wajen titi, wata mota na wucewa da waƙar Alhaji Abdulrazak.

Isaka ya rubuta abin da ta faɗa yadda ta faɗe shi, har da murɗe hannun, ya sa Sanusi ya ɗauki hoton shatin yatsun da ke wuyan hannunta. Iyakar abin da yake da ikon yi mata ke nan, ya kuma sani.

"Shef, hular fa?" in ji Sanusi a hankali. "Shaida ce."

"Wace hula? Ni ban ga hula ba."

Hafsa ta miƙe ta gyara mayafi. "Saura 'yan makonni in yi wanka. A gidan kaso ana barin mutum ya ƙarasa takaba?"

"Zan yi magana da su."

Ya riga ya yi wa Sanusi ido ya mayar da ankwa aljihu. Amma suna kaiwa bakin zaure Kande ta taso da wuƙar kicin a hannu, tana tuntuɓe.

"Ba za ta fita haka ba. Ku bar ta ta riƙe. Ba ta taka waje ba ƙarfe."

"Inna, doka ba ta yarda ba."

"To ko ƙusa. Ko allura, ɗan nan."

Isaka ya sunkuyar da kai. Hafsa ta dubi surukarta, ta dubi aljihun Sanusi, sannan ta haɗa hannuwanta biyu ta miƙa.

"Sa mini, ranka ya daɗe. Shi ma ƙarfe ne, hankalin Inna zai kwanta."

Isaka ya karɓi ankwar da kansa, ya sa mata sako-sako, ya ja gefen mayafinta ya rufe. Malam Garba ya biyo su har mota da babbar rigarsa ta tafiya, ya tsaya a nan, ba wanda ya ce ya shiga.