Allon da Ya Ari Muryar Inna

Da hantsi allon kamfanin Tsinkaya ya fara magana. Yana manne a hawa na tamanin na benen ofisoshinsu a Sabuwar Kano. Siffar ido ce ta zinare, faɗinta ya kai filin ƙwallo. Allon-kira ake ce masa. Yakan gane fuskar mai wucewa, ya tono tsofaffin saƙonnin murya na wayarsa, ya zaɓi muryar da mutum ya fi ƙauna, ya harba masa ita a kunne shi kaɗai, da sunansa da talla. Wannan ne injiniyoyi suka kira ci gaba.

Ukashatu ne mai goge idon. Shekara tara yana lilo a jikin igiya yana wanke shi, tun allon bai da baki. Ran nan yana tsallaka titi sai ya ji muryar Inna, wadda aka binne bara.

"Ukashatu, ɗana, ka sayi sabon layin Tsinkaya."

Ya tsaya cak har motoci marasa direba suka jeru a bayansa. Shi ɗan fari ne. Shekara arba'in da shida Inna ba ta taɓa kama sunansa ba, saboda alkunya. "Wannan" take ce masa, ko ta aiko ƙanwarsa Sa'ade ta kira shi. Na'ura ba ta san kunya ba. Daga gutsattsarin maganganun marigayiya ta harhaɗa sunan.

Ya kai kuka wurin manajan kamfanin. Manaja ya yi murmushi, ya ce ai bincikensu ya nuna 'ya'yan fari sun fi kowa daɗewa a gaban allon.

Da ya gaya wa Sa'ade, sai da ta share hawaye. "Yaya, an sa Inna rashin kunya tana kabari. Kai ke hawa can. Ka tsinke wayar da ke ba allon murya."

Ya rantse mata zai yi.

Washegari ya hau da almakashi a aljihu. Ya san wayar, shuɗiya ce, a bayan ƙwayar idon. Ya ɗora mata almakashi ke nan, sai idon ya gane shi.

"Ukashatu."

Babu talla. Na'urar ta riga ta koyi cewa sunan kaɗai ya isa.

Ya san ƙarya ce. Ya daɗe a rataye, iska na kaɗa shi. Sannan ya mayar da almakashin aljihu, ya ɗauko tsumma.

Sa'ade ta daina amsa gaisuwarsa. Yanzu shi ke riga kowa zuwa aiki, kuma idon bai taɓa ƙyalli irin na bana ba.