Zare Biyu a Furen Albasa

Akwai mutumin da hannunsa ya iya karɓa amma bai iya miƙawa ba. Irinsa wannan labari zai hukunta.

A ɗakin gwaji na jami'a suka haɗu. Ita ɗaliba ce, kullum tana murƙushe tohon furen albasa a kan gilashi, tana neman ganin yadda ƙwayar halitta ke shirin rabuwa don yin iri. Shi ma'aikacin ɗakin ne, mai goge madubin ƙara girma. Ranar da abin ya fito mata, ba kowa kusa sai shi.

"Malam, zo ka sa ido nan," ta ce. "Zaruruwan nan su ne kiromosom, masu ɗauke da gado. Ɗaya na uwa, ɗaya na uba. Kowanne ya nemo ɗan'uwansa, su jeru, su manne. Ka ga inda suka sarƙe? Nan wannan ke ba wancan guntunsa, wancan ma ya ba shi nasa."

"Wa ke cin riba?"

"Babu. Sai dai ba wanda ke tashi yadda ya zo."

Ya ɗago yana hawaye. Ya ce albasa ce. Ta ce furen ba ya yaji haka.

Daga nan saƙo ya fara zirga-zirga. "Ƴar Albasata, na goge miki madubi, na ɓoye shi kar a riga ki." Ta mayar: "Sannu, Sarkin Tsumma. Zuciyarka fa, ka goge?"

Mahaifinta kuwa ya fi son ɗan amininsa, mai babban kantin magani. Saurayin nan mai kanti ya gindaya sharuɗɗa: ta bar ɗakin gwaji, ta bar garin, ta rage zuwa gidansu. Ana cikin haka ta ji cewa Sarkin Tsumma ya samu aiki mai tsoka a nesa. Ta rubuta masa: "Ashe tafiya za ka yi. Allah ya kiyaye hanya." Ta daina amsa waya.

Mahaifin ya ga ta rame, ya zaunar da ita. Sai ta ba shi labarin zaruruwan da na wanda ya leƙa su tare da ita. Da ya gama ji, ya kira samarin biyu.

"Ban tambaye ku abin da za ku kawo ba. Me kowannenku zai bari saboda ita?"

Mai kanti ya yi dariya. "Baba, ni da ke da komai, me zan bari? Ita ce za ta shigo."

Ɗayan ya sunkuyar da kai. "Aikin nan, Baba, tuni na ce musu ba na zuwa. Karatunta yana nan."

"Ke fa?"

"Gidan aure nawa ni kaɗai da na ci buri na bari, Baba. Zan zauna da mahaifiyar Sarkin Tsumma, ƙafarta ba lafiya."

Aka ɗaura aure. Mahaifin ya dafa kawunansu ya ce Allah ya ba su zuriya mai ɗauke da alherin gidajen biyu.

Mai kanti kuwa ya rasa yarinyar. Ya rasa kujerar da ake ba shi a falon gidan. Mahaifinsa ya daina aikensa wurin amininsa don kunya. Kantinsa dai yana nan cike, ba abin da ya ragu, shi kaɗai yake buɗewa, shi kaɗai yake rufewa.