Sawun Sabon Takalmi

Da yamma kofur ya tura ni da Dogo ɗebo ruwa a rijiyar ƙauyen da mutanensa suka gudu. Motar kayanmu ta daɗe ba ta zo ba. Abinci sai a hankali, sabulu mun manta ƙamshinsa, takalma kuwa kowa nasa ya wage baki. Dogo da waya ya ɗaure nasa, amma in yana tafiya sai ka ji fat, fat. Yunwa ta sa kowa zargin kowa yake. In mutum ya daɗe a bayan tanti, sai an shinshina bakinsa.

Dajin da ke tsakaninmu da rijiya cike yake da nakiyoyi. Dokarmu ɗaya ce: kanka a ƙasa, inda na gaba ya ɗaga ƙafa nan za ka sa taka. Dogo ne ya san hanya, shi ke gaba.

A dawowa, rana ta faɗi, jarka a kafaɗata, na lura da sawun da nake takawa. Zanensa raɗau, ko'ina bai cinye ba. Sabon takalmi!

Raina ya ɓaci. Wato kaya sun zo, mai sito ya raba wa 'yan gaban goshinsa, Dogo ya ɓoye nasa a ƙauye, ya sauya ina can ina jan guga. Munafuki! Na ci gaba da bi, ina ƙulla abin da zan faɗa wa kofur. Ban ankara ba ciyawa ta kai mini gwiwa.

Ƙamshin sabuwar fata ya bugi hancina.

Fat. Fat.

Daga bayana.

"Gajere," in ji Dogo, ƙasa-ƙasa. "Kada ka motsa. Ka riga ka bar hanya. Wa kake bi?"

Na ɗaga kai. Wani ne tsaye a gabana, kakinmu a jikinsa, wankakke fes. Bai juyo ba. Takalmansa ne kawai suka juyo, suna fuskantata.

"Taho mana," ya ce, da muryar Dogo. "Akwai daidai ƙafarka."

Dab da yatsan ƙafata, wata siririyar wayar nakiya a miƙe cikin ciyawa.

Na yi baya-baya, ina addu'a, ina laluben sawuna, har Dogo ya cafki kwalata. Jarkar tana can har yau.

Jiya motar ta iso. An ba kowa sabon takalmi, ana ta murna, ban da ni. Yanzu sawun kowa iri ɗaya ne, gobe kuma ni da Dogo ke zuwa rijiya.